Hoto a Kan Farar Matakala

Auta ya shimfiɗa takardar a kan gwiwarsa, ya sa biro ya soke wurare shida cikin goman da aka jera. A samanta an rubuta da manyan baƙaƙe cewa waɗannan su ne wuraren da bai kamata baƙo ya bar babban birni bai gani ba. Ya soke tsohuwar kasuwa, ya soke gidan namun daji, ya soke duk abin da ya haura shekara bakwai da ginawa. Saura huɗu: hasumiyar gilashi, sabuwar gada, lambun da ruwa ke tsartuwa sama, da gidan tarihi mai farar matakala.

Innarsa ce ta ɗora masa wannan aiki. Shekara bakwai ke nan da ta raka shi filin jirgi, kuma tun ranar ba ta da hira sai ta ɗanta da ke ƙasar waje. Makon jiya ɗan maƙwabciyarta ya turo hotuna a gaban wani dogon gini, sai ga saƙon muryar Inna: "Auta, kai ba ka fita ne? Kullum hoto a ɗaki kamar mai jego. Ka je wuraren kallo ka ɗauko mini, ni ma in samu abin nuna wa mutane."

Inna ba ta san aikinsa ya ƙare tun wata biyar da suka wuce ba. Ba ta san takardunsa sun mutu ba, ko cewa a bayan shagon wani mai gyaran waya yake kwana, a kan katifar da ba tasa ba. Ya rantse ba za ta sani ba, ko da zai ci ƙasa.

Baba kuwa bai taɓa neman hoto ba. Mai ɗora tayil da marmara ne, gwiwoyinsa sun riga shi tsufa. Hirarsu a waya ba ta wuce "Lafiya?" da "Lafiya lau." A shekara bakwai Auta bai taɓa tambayarsa inda yake aiki ba.

Ya ari kwat mai kauri da ta matse shi a hammata, ya fita da hantsi.

A hasumiya bai shiga ba, don ƙofar ba ta irinsa ba ce. Ya durƙusa a waje ya ɗauka daga ƙasa, gilashin ya cika hoton. Ya jira sai da kowa ya wuce. A hoton ya yanke allon talla da ya leƙo ta gefe, ya yanke lambar wata mota. A kan gada wani direba ya dube shi sau biyu, sai ya ja hularsa ƙasa ya juya yana kallon ruwa har motar ta ɓace. A lambu mai gadi ya kore shi daga kan ciyawa kamar akuya, amma kafin nan ya samu hoto ɗaya yana dariya.

Ya san Inna. Duniyarta daga gida sai kasuwar unguwa, sai asibiti in hawan jini ya motsa. Duk abin da aka nuna mata mai ƙyalli za ta yarda da shi.

Gidan tarihi ya fi duka kyau. Matakala arba'in na farar marmara, shimfiɗe kamar an goge su da harshe. Wani tsoho mai hoto da ke zaune a gindinsu ya karɓi wayar Auta don ya ɗauke shi, ya ƙare masa kallo.

"Samari, zazzaɓi kake yi? Kwat a wannan rana?"

"Ɗauki kawai, baba. Kada mutane su fito."

"Mutane ko? To ɗaga kai. Ka tsaya kamar na ubanka ne."

Auta ya ɗaga kai, ya sa hannu a aljihu, gumi na bin bayansa. Hoton ya fito kamar na mai gari.

Bai tura nan take ba. Ya zauna a inuwa, kwat a cinya, ya ƙirga awannin bambancin lokaci da ya saba ƙirga mata, sannan ya danna.

Amsar Inna ta zo da guɗa. Ta ce ta nuna wa maƙwabciya har bakinta ya mutu. Ta ce za a wanke na matakalar a rataye a falo. Ta ce ya riƙa rufe ƙirjinsa, ta ga alamar sanyin garin ba na wasa ba ne. Auta ya saurara sau uku. Ya yi nasara, kuma bakinsa ɗaci kamar ya tauna magani.

Yana shirin tashi sai wani saƙon ya shigo, daga lambar Baba, wanda bai taɓa aiko saƙon murya ba. An ji ƙarar rufe ƙofa tukuna, sannan muryar ta zo ƙasa-ƙasa.

"Na ga hotunan. Ban ce wa uwarka komai ba, kai ma kada ka ce, jininta ba zai ɗauka ba. Amma na matakalar nan ka hana ta ratayewa, abokan aikina suna shigowa falon."

Sannan ya ci gaba.

"Shekara biyu na yi a durƙushe ina ɗora marmarar da ka taka, a nan gwiwoyina suka ƙare, don haka na san ka dawo ƙasar nan, kuma daga inda kake tsaye zuwa ƙofar gidan nan mota ɗaya ce, Auta."