Ɗigo Biyu a Ƙarƙashin Batir

Alhamis, ranar kasuwar Dole. Rana ta take, sama fayau, shekara ta biyu ke nan damina na yaudarar Damagaram.

Malam Nomau na zaune a rumfarsa ta gyaran kwamfuta. Yunwa ta yi masa rana. Mutane na kawo inji gyara, su koma da tiyar hatsi, inji ya zama nasa.

Dabararsa ɗaya ce. Yana da manhajar maganin birus, cutar kwamfuta, ta kyauta, wadda ke warkar da inji kafin shayi ya tafasa. Ba ya fito da ita. Sai ya kunna ɗaya manhajar, mai share tarkacen cikin inji, wadda ke cika allo da jan rubutu ko da inji lafiyarsa lau. Ɗansa Idirisu ya taɓa faɗa wa wani mai kaya cewa jan nan burga ce. Ranar ya kore shi daga gida. Tun daga nan ba labari.

Duk injin da ya saya, yakan ɗiga masa jan fenti a ƙarƙashin batir. Ɗigo ɗaya na kasuwa, biyu na gida.

Wata mata daga Takieta ta durƙusa a bakin rumfar, da yarinya ramammiya a gefenta. Ta kwance baƙar kwamfuta daga cikin zane. Ta ce mijinta ya tafi ci-rani Libiya, hamada ta cinye shi. Hotunansa da muryarsa na ciki, sun ɓace, yarinyar kuma ta fara mance fuskar uban.

Ya tambayi sunan mai ita. Ta sunkuyar da kai, don mace ba ta kiran sunan miji.

"Baban wannan ne, Baba."

Kallo ɗaya ya gane cutar. Birus ne mai ɓoye kaya, komai na nan. Ya kunna mai shara, allo ya yi jawur.

"Kin gani? Ya cinye duka. Gawa ce."

Yarinyar ta miƙa hannun hagu ta ɗauki sukundireba. Ya buge hannun, shi ma da hagunsa. Ba ta yi kuka ba, babu ƙarfin yi.

Matar ta roƙe shi ko hoto ɗaya. Ya ce matacce ba ya tashi. Ya auna mata gero tiya biyu, bai cika ba. Ta yi godiya, ta goya yarinyar, suka shige cikin taron kasuwa. Bai tambayi unguwarsu ba.

Kafin la'asar ya goge injin kakaf, bai buɗe ko hoto ɗaya ba. Wani ma'aikacin ƙungiyar agaji ya riga ya taya.

Washegari da safe ya ɗauko kwalbar fenti, ya kifa injin, ya zare batir. Ɗigo biyu ya tarar, sun bushe tun ranar da ya ba Idirisu kwamfutar nan.