Goran da Aka Toshe da Man Kaɗe

Kai da komai sai ka ce sai gobe, zauna ka ji labarin wani manomi. Goran ruwansa guda ɗaya ne, babba, amma ya tsage a gindi. Duk ranar kasuwa gyartai yakan ratsa ƙauyen, matarsa ta yi ta fama da shi ya bayar a ɗinke, shi kuwa sai ya ce ai gora ba gudu zai yi ba. Ana nan tsohuwarsa ta kwanta da zazzaɓi mai zafi, aka ce sai an kai ta wurin wani mai magani a bayan daji, tafiyar yini guda, ba rijiya ba tafki a tsakani. Ƙarshen sanyi ne, lokacin da asuba ke sa mutum kyarma, rana kuma in ta take ta gasa shi. Sai da ya ɗaure wa jaki kaya sannan ya tuna da tsagin. Ya leƙa ƙwaryar matarsa, ya tarar man kaɗe ya daskare kamar sabulu. Ya ɗebo ya cusa, ya shafe da babban yatsa, ya cika goran, ya jijjiga, ya ɗaga ya duba, ko ɗigo babu. Har da 'yar dariyarsa, wai shi ma ya zama gyartai. Bawan Allah bai san sanyi ne ke riƙe masa ruwan ba, ba dabararsa ba.

Ya ɗora tsohuwa a kan jaki, ya rataya goran ta baya, ya kama hanya. Da hantsi ya ɗaga man ya yi laushi, kafin rana ta kai tsaka ya narke ya bi jikin goran, ruwa ya bi bayansa yana ɗiga cikin yashi. Iska ta kawo masa ƙanshin man kaɗe, sai ya ɗauka wanda aka shafa wa tsohuwa a ƙafa ne, bai ko waiwaya ba. Sun yi nisan da komawa ba ta da amfani, sai tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, sam mini ruwa." Ya kai hannu, ya ji goran sakayau, yatsunsa duk maiƙo. Abin da ya rage a ciki bai kai ya jiƙa mata harshe ba. Ya kora jaki, ya yi gudu, ya yi kira, daji bai amsa ba. Zazzaɓi na ci ta ciki, rana na ci ta waje, kafin la'asar ta cika a gindin wata aduwa, bakinta a bushe. Abin da ya fi ci mini rai a labarin nan shi ne, yana zaune gefen gawar har rana ta yi sanyi, da ya sake ɗaukar goran sai ya ga sauran man ya koma ya daskare, ya liƙe tsagin tsaf, ga gora lafiya lau, babu ruwa a ciki, babu kuma mai sha.

Man kaɗe bai yaudare shi ba, halinsa ke nan tun fil azal, ya kame da sanyi ya saki da zafi. Manomin ne ya gwada da asuba abin da zai yi tafiya da rana. Shi ya sa Hausawa suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.