Direban da Yake Dafa Motarsa

Tunda ka ce abin da ka daɗe kana nema ya zo maka da wahalarsa, bari in ba ka misalin wani direba. Yana da tsohuwar gingimari, yana kai gishiri da kananzir garuruwan kan dutsen Mambila, ya sauko da dankali. Shekara tara motar nan tana hawan dutsen kamar hawainiya, tana nishi, 'yan'uwansa direbobi suna wuce shi suna ɗaga masa hannu. Shi kuwa in ya kwanta hutun rana a ƙarƙashinta, mafarkinsa ɗaya ne: ga shi yana hawa babu nishi babu hayaƙi, hanya tana naɗewa a gabansa kamar rawani. Da ya samu hali sai ya kai ta wurin wani tsohon makanike. Tsohon ya ɗaura mata babban tobo, wato abin da ke hura wa inji iska, sannan ya sa gaskit mai kauri ya rage matsin injin don kada ƙarfin ya fasa shi. Yana goge hannu ya yi masa bayani cewa injin gas ba shi da fulogi, matse iska yake yi har ta yi zafi ta kunna mai. Yanzu da aka sassauta matsin, a ƙasar zafi ba zai ga komai ba, amma ran da motar ta kwana a sanyi sai an lallashe ta. Direba ya ce to, amma kunnensa yana wurin sabon kukan injin.

Ana cikin haka matarsa ta haihu, bayan shekara goma sha biyu suna jira. Ana gobe suna ya ce zai hau ya kai kaya, ya sayo ragon can sama, ya sauko da asuba kafin a taru. Da tsohon injin ba zai ko fara wannan tunani ba. Hawan ranar bai taɓa fita daga zuciyarsa ba. Motar ta ɗauki dutsen kamar ba ta ɗauke da komai, gajimare ya sauko ya shiga ta taga ya jiƙa masa gemu, shanu suna tsaye a kan tuddai kamar an zana su, kogin da ya saba gani a gefensa ya koma ɗan zare can ƙasa. Ya isa rana ba ta faɗi ba. Ya sauke gishiri, ya loda dankali, ya ɗaure farin rago a baya, ya ajiye motar a wani kwari kusa da kasuwa.

Bayan sallar asuba ya murɗa makulli. Injin ya juya, ya juya, ya tofar da farin hayaƙi mai warin ɗanyen mai, ya yi shiru. Ya sake, ya kuma sakewa, har juyin ya fara ja kamar numfashin mara lafiya, ya gane batir ya kusa ƙarewa. Turawa ba ta yiwuwa, mota cike a cikin kwari, ƙasa duk laka. Ya zauna a kan matakalar motar ya rufe fuska da hannuwa. Wata dattijuwa mai koko da ke hura wuta a gefe ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, "Ɗana, ƙarfen nan sanyi ya kama shi. Ni ma ƙafafuna ba sa tashi sai sun ji wuta." Sai a lokacin maganar makanike ta dawo masa. Ya ari kurfotinta ya tura garwashi ƙarƙashin injin, nesa kaɗan da bututun mai. Ta dafa masa ruwa tukunya uku ya juye a lagireto, ya lulluɓe kan motar da tamfol. Daga nan babu sauran aiki sai jira. Ya tsuguna yana kallon raɓa tana narkewa a jikin ƙarfe tana ɗiga cikin toka, ragon yana tuƙa a saman kaya, garin duka ya ɓace cikin farin gajimare. Gyangyaɗi ya ɗauke shi, ya ga zauren gidansu cike, ana miƙa goro, liman ya ɗaga hannu, shi kuma yana tsaye a bakin ƙofa ba wanda ya gan shi. Da ya farka ya taɓa injin ya ji ɗumi kamar jikin mutum. Ya janye wutar, ya yi bismillah, ya murɗa. Fistan ɗaya a cikin injin ya amsa, na biyu ya bi shi, motar ta yi ta karkarwa, sannan duka suka haɗa murya.

Ya isa gida rana ta take. An watse, yayansa ya raɗa wa yarinya suna, an yanka ɗan akuyar maƙwabci. Ya ɗauki 'yarsa ya rungume ta. Da makanike ya ji labari ya ce ya kawo motar a mayar da ita yadda take a da. Direba ya kwana biyu yana tunani, ya tuna gajimaren da ya shigo masa ta taga, ya ce a bar ta. Sai ya sayi kurfoti nasa na kansa. Tun daga ranar, duk safiyar da ta same shi a kan dutse yakan riga kowa tashi, ya tsuguna gaban garwashi sa'a guda, direbobi suna wucewa suna tambayarsa ko motar ta nuna. Yakan yi murmushi ya ƙara gawayi.

Shi ya sa Hausawa suka ce, kowa ya ci zomo ya ci gudu.