Katangar Ciyaman

Malam Ubale ne ya riga kowa zuwa taron iyaye, da tef ɗin awo a aljihun kaftaninsa.

Ranar Asabar ce, a ajin 'yan shida na firamaren Gindin Ɗorawa, iyaye sun cusa gwiwoyinsu a bencinan 'ya'yansu. Shugabar makarantar, Madam Caroline, ta maimaita kukan da take yi shekara uku: makaranta ba katanga. Tun da Abuja ta cika ta tumbatso ta Mararaba da Masaka, kowane fili a Keffi ya sami mai kallonsa. Filin ƙwallon makarantar kuwa ba shi da takarda, kakan mai unguwa ne ya bayar da shi da baki. Saura wata takwas Madam ta yi ritaya, ta kuma rantse za ta miƙa filin kamar yadda ta same shi.

Iyaye suka yi abin da suka saba. Suka tausaya, suka duba agogo.

Sai Ubale ya miƙe. "Madam, gwamnati ba za ta zo ba. Mu ne gwamnatin. Na ba da bulo ɗari biyar."

Kafin a tashi an zaɓe shi shugaban iyaye ba hamayya, domin wanda ya fara ba da bulo shi ya fi kowa fahimtar ilimi.

A makarantar, da sunan ɗa ake kiran iyaye: Baban Lea, Maman Idris. Shi tun ranar ya zama Ciyaman, sunan kuma ya ishe shi.

Ba a taɓa ganin mai himma irinsa ba. Ya buga katin neman gudummawa da lambar wayarsa a ƙasa, ya raba wa yara su kai gida, su kai coci da masallaci. Cikin mako biyu 'yan aji uku, waɗanda bakwai sau takwas ke ba su wahala, sun haddace lambar har suna tsallen igiya da ita.

Zakka bakanike, Baban Lea, ya ba da akori-kurarsa tana jigilar yashi. Mu'mina mai ƙosai ta sadaukar da suyar kowace Asabar ga leburori. Matan zumuntar coci da matan Islamiyya suka shiga gasar ɗebo ruwa, kowane ɓangare na ƙirga bokitan ɗayan ta wutsiyar ido.

Ranar ƙaddamar da asusu aka kafa rumfa, aka hayo lasifika. Ciyaman ya kawo baƙi cikin motoci masu lambar Abuja. Ba su tsaya jin jawabi ba. Suka taka filin daga raga zuwa raga, suna tambaya ko ruwa na kwanciya da damina, da kuma nisan wurin daga babban titi. Madam ta gaya wa mataimakinta ba ta taɓa ganin masu ba da taimako da suka damu da lafiyar yara haka ba.

Da aka haɗa bulon, ɓangare ɗaya kawai zai yi. Ciyaman ya auna da tef ɗinsa, ya ce a fara da bayan ajujuwa, a ja layi tsakaninsu da filin ƙwallo.

Zakka ya sosa ƙeya. "Ciyaman, ai an bar filin a waje ke nan."

"Baban Lea, kai ma inji ƙusa ɗaya-ɗaya kake kwance shi. Yara tukuna. Fili sai zango na biyu."

Aka yi dariya, Zakka ma ya yi.

Don kada wani ya ce ba a shawarce shi ba, Ciyaman ya kawo takarda shafi biyu da Turanci, cewa iyaye da malamai sun amince da inda layin ya bi. Madam ta fara sa hannu, tana tsaye tana gadin jarrabawa. Mai unguwa ya buga hatimi. Waɗanda ba su iya sa hannu ba suka dangwala.

Katanga ta tashi cikin mako shida, miƙe sambal. Siminti bai kai a yaɓe fuska biyu ba, sai aka yaɓe ta wajen fili, domin ita baƙo zai gani. Ba a bar ƙofa ba, saboda tsaro.

Ranar buɗewa iyaye suka zo da anko. Madam ta yi jawabi. Ciyaman ya fita tarbo baƙi, sai ta ce kafin ya dawo a kira ɗansa ya riƙe farantin almakashi.

Malamar aji biyu ta dubi malamin aji huɗu. Shi kuma ya dubi na aji biyar. Kowa ya ɗauka yaron a ajin wani yake.

Ana cikin haka ne aka ji bugun guduma a bayan katanga.

Da yake ba ƙofa, sai da suka zaga ta titi, Madam a gaba, iyaye da yara na biye, Mu'mina riƙe da robar ƙosan walima. Sun sami sandunan raga kwance a ciyawa. An kakkafa turaku masu jan fenti layi-layi, wani kafinta kuma na buga ƙusar ƙarshe a sabon allo: FILAYE NA SAYARWA. DA TAKARDA. AN RIGA AN KATANGE BAYA.

Madam ta fara laluben tabarau don ta karanta lambar wayar da ke ƙasan allon, amma 'yan aji uku sun riga ta, suka rera ta baki ɗaya.