Jana'izar Katako

Ruwan sama ya kece daidai lokacin da suka iso ƙofar magajin gari, akwatin gawa a kafaɗa. Shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa har daɗi ya ji, ruwa zai ƙara wa hoton jarida armashi.

Shi ya kawo shawarar a yi wa sana'ar katako jana'iza, tunda katakon waje mai araha ya rufe injinan yanka biyu, na ukun ma yana shure-shure. Har Fada, limamin Kirista, suka lallaɓo daga coci, ga matan korarrun ma'aikata cikin baƙaƙen kaya.

"Ranka ya daɗe, ga gawar garinmu!" ya kwarara murya. "Duk wanda ya sayi katakon waje, da hannunsa a kisan nan!"

"Shugaba," mai gidan burodi ya raɗa daga baya, "abin nan fa kumbura yake."

"Riƙe da kyau, aminina, ana ɗaukar mu hoto."

Akwatin ya yi luɓus kamar burodi a shayi. Gindinsa ya ɓalle, dusar katako da gam suka zubo wa shugaba a wuya. Katakon dajinsu sai ya tsufa a ruwa bai yi gezau ba, kowa a wurin ya sani.

Murfin ya faɗi gaban matan, hatimin ƙasar waje raɗau, gefensa tambarin kantin shugaba.

Wata tsohuwa ta gyara mayafi.

"Fada, ci gaba da addu'a. Makashin ma da kansa ya ɗauko gawar."