Runtse Ido, Yanzu Zai Wuce

"Allah ya isa tsakaninmu da wanda ya tsara wannan abu," in ji maƙwabciyar Inna, tana karkaɗe buhun da ta dawo da shi daga kasuwa ba komai a ciki.

Babban Sakatare ya sunkuyar da kai a bakin tabarmar mahaifiyarsa. Shekara talatin yana ma'aikatar tattalin arziki. Shi ya tsara janye tallafin abinci, shi ya rubuta jawabin, Minista karantawa kawai ya yi a rediyo. Sunansa bai fito ko'ina ba. A zatonsa, abin da Inna ta sani kawai shi ne ɗanta aikin ofis yake yi, shi ke nan.

"Allah dai ya shirye shi," Inna ta ce. "Ka ce amin mana."

Ya ce amin. Wata shida ke nan kullum sai ta sa shi faɗa.

Da maƙwabciyar ta fita, ya kasa daurewa.

"Inna, mutumin nan da ake zagi, ni ne."

Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Na sani tun ranar farko. Da Minista ya ce wa jama'a, 'Ku runtse ido, yanzu zai wuce,' a bakin wa ka ji wannan maganar? Ba ni nake faɗa maka ba in zan cire maka ƙaya?"

Sai a lokacin ta ɗago ta dube shi.

"Amma ni in na faɗa, hannunka yana cikin nawa. Kai hannun wa ka riƙe?"