Mai Datse Ruwa da Ɗan Kama

Ka tambaye ni, Malam Sha'aibu, ko mugun da kake sawa a littafinka ya san shi mugu ne. Matso kusa in ba ka misali.

A wani gari da na taɓa cin rani, sunansa ya kwance mini yanzu, sai dai ina tuna rafinsa da ƙanshin albasarsa, akwai masu lambu biyu da suke shan ruwan magudana ɗaya. Al'adarsu ita ce kowa da ranarsa: yau na sama ya shayar, gobe ya cire laka ya sakar wa na ƙasa. Da rafi ya fara ja da baya, sai na sama ya riƙa datse ruwan har a ranar da ba tasa ba. Bai taɓa rasa hujja ba. Kakansa ne ya haƙa magudanar. Shi ke yashe ta duk shekara. Marayun ƙanensa yake ciyarwa, na ƙasa kuwa daga shi sai matarsa, kuma ai malalaci ne, ko an sakar masa ruwan ɓarnarsa zai yi. Da waɗannan yake kwana, da su yake tashi, yana sallarsa a sahun gaba, zuciyarsa fes. Albasar na ƙasa kuwa ta fara rawaya tana kwanciya, ita ce kuma abincinsa na shekara. Ya je da kansa ya yi wa na sama magana, ya aika dattawa, duk a banza.

Sai ya je wurin wani ɗan kama, irin masu ba mutane dariya a kasuwa, ya roƙe shi ya kwaikwayi abin a gaban jama'a, ko kunya ta sa maƙwabcin ya saki ruwa. Ranar kasuwa da hantsi ɗan kama ya shafa gawayi a fuska, ya ɗauki dunƙulen laka, yana zare ido yana ƙyalƙyala dariya: "Ni ne uban mugaye! Bari in toshe ruwa, albasar talaka ta mutu, in ji sanyi a raina!" Kowa ya gane wanda ake nufi, aka riƙa satar kallon na sama. Shi kuwa ya fi kowa dariya, har da riƙe ciki. Da aka gama ya ce, "Allah wadan mai wannan hali! Wallahi akwai irinsu a garin nan, ni na san abin da nake gani a hannunsu." Ya zaɓi manyan albasa ya cika wa ɗan kama kwando, ya koma lambu ya ƙara laka a bakin magudanar. Kafin kasuwa ta sake ci, albasar na ƙasa ta bushe ƙamas.

Kada ka ce basarwa ya yi. Da gaske bai ga kansa ba. An nuna masa mai toshe ruwa don mugunta, shi kuwa a saninsa don marayu yake toshewa. Da ɗan kaman ya fito da wankakkiyar fuska, da carbi a hannu, yana jera hujjoji masu daɗin ji yana ɗora laka a hankali, da wataƙila dariyar ta maƙale wa mutumin a wuya, ruwa ya wuce.

To, kai ma in za ka rubuta mugunka, ka ba shi kakan da ya haƙa magudana, ka ba shi marayu, ka bar shi ya yi barcinsa mai daɗi. Na zaga garuruwa da yawa, sunayensu sun zube mini a hanya, amma wannan kam ina riƙe da shi: ban taɓa gamuwa da wanda ya ce mini shi ne mugun labarin ba. Magabata sun riga mu faɗa: gwano ba ya jin warin jikinsa.